Fulas ɗin Jidda na Gwaggo

Jiya ina zaune a gidan Gwaggo Hauwa, sai ta ɗauko wani fulas mai ruwan zinariya ta dire a gabana.

Kun san sana'ata: in mai shago ya karye a kasuwar Gadarif, sai in kwashe ragowar kayansa da araha in tallata a Facebook. Gwaggo ko cokali ba ta taɓa saya a wurina ba. Wai kayan karyayye tsiya ke bin su.

Ta ce, "'Yar nan, buɗe ido ki ga kayan ƙwarai. Daga Jidda wata Hajiya ta kawo min, ba irin tarkacenki ba."

Na leƙa gindinsa. Ga ɗigon jan farcen da nake sa wa duk fulas mai yoyo! Ni na sayar wa Hajiyar, har na gaya mata aibinsa.

Na ce, "Ya salam, Gwaggo! Kayan Jidda daban ne."

Ta tashi zuba min, shayi ya bi hannunta har gwiwa. Ta ce laifinta ne, ita ta cika shi da yawa.

Jama'a, in faɗa mata, ko in bar ta da Jiddarta?