Takardar da Ke Cikin Kambun Kakana

Shekarar da aka ce Turawa za su bar mana ƙasa, ina zaune a Shagari ba na tsinana komai. Na bar elementare a aji huɗu, gona kuma ba ta shiga raina. Sakkwato nake so, ko wane aiki ne.

Kakana, mahaifin babana, Alhaji kowa ke ce masa. Da ƙafa ya je Makka yana saurayi, ya zarce Madina, ya auri wata 'yar ƙasarmu a can, ta haifa masa ɗa namiji. Sai yaƙi ya tashi. Labarin nan na ji shi har ya gundure ni. Turkawa ne ke riƙe da ƙasar. Turawan Ingila suka riƙa zaryar zuwa wurin sarakunan Larabawa da bindigogi da daɗin baki, suna cewa ku taya mu korar Turkawa, ƙasa ta zama taku. Kakana yana bayan gari da raƙuman wani Balarabe lokacin da aka kewaye Madina. Shiga ta gagara. Daga baya ya ji Turkawa sun kwashe mutanen gari a jirgin ƙasa sun yi arewa da su, har da matarsa da yaron.

Sai ya bi rundunar Larabawa yana jan raƙuman ruwa. Akwai wani Bature a cikinsu mai jin Larabci. Kakana ya kai masa kuka. Baturen ya rubuta takarda, ya ce in yaƙi ya ƙare ya nuna ta ga duk Baturen Ingila da ya samu, za a nemo masa iyalinsa. Yaƙi ya ƙare, aka zuba shi da sauran 'yan ƙasarmu a jirgin ruwa aka tsallakar da su Sudan. Wanda ya nuna wa takardar a can ya ce ya jira. Ya jira har ya gaji, ya kamo hanyar gida.

Da ya iso, sai ya yi mata abin da muke yi wa duk rubutun da muke ji da shi. Ya kai ta wurin wani baduku a Boɗinga aka ɗinke ta cikin fata, ya ɗaura a damtse. Kambu ke nan. Laya kuwa ba a buɗe ta. In fatar ta tsufa, sabuwa ake ɗorawa a kai. Da ita yake noma, da ita yake wanka.

Wata safiya ya kira ni zaure.

"Kai raggo, an ce Turawa za su tahi. Gaskiya na?"

"Haka aka ce, Alhaji."

"To ba su tahiya da maganata. Kai ne ɗan boko na gidanga, ko da rabin boko ne. Gobe kasuwar Boɗinga. A kwance ta, ka karanta min, ka kai ma Razdan."

"Ni da ka ce ko akuya ba ni iya kiwo?"

"Akuya dai ba ka iyawa. Amma baki gare ka kamar mai dillanci."

Ba yaron Madina na tuna ba. Abin da na ji kawai shi ne Sakkwato, inda Razdan, babban Baturen lardi, yake.

Washegari a Boɗinga muka tarar badukun da ya yi ɗinkin farko ya rasu, ɗansa ne a rumfar. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya jujjuya kambun a hannu.

"Baba Alhaji, a kwance hwa ka ce? Ni ban taɓa kwance laya ba."

"Ba laya ba ce, ɗan nan. Takardar Bature ce."

"To mi ya kai takardar Bature cikin hwata?"

"Ubanka za ka tambaya. Yanka."

Ya sa aska ya bi zaren. Fata ta farko ta fita, ta biyu ta fita. Ta uku ta yi baƙi ƙirin, tana wari. Da ya ɓare ta, abin da ke ciki ya manne wuri ɗaya kamar busasshen tuwo. Gumi da ruwan shekaru sun gama da ita. Ya sa bakin aska a hankali, sai wani ɓangare ya ɓalle ya zama gari a tafinsa. Na ɗaga sauran a rana. Ko harafi ɗaya babu.

Badukun ya dube ni. Idon Alhaji ya daɗe da yin hazo, fuskar mutum ma sai an matso yake gane ta. Ya miƙo wuya.

"Mi ta ce?"

Da na faɗi gaskiya, da a ranar za mu koma Shagari, in ci gaba da zaman gindin bishiya. Wannan shi ne abin da na auna, ba wai tausayinsa ba. Na gyara murya.

"Ta ce mai wannan takarda mutumin kirki ne. A nemo masa matarsa da ɗansa."

"Ka ji!" Ya bugi gwiwar badukun. "Ka ji ko? Ba su ƙarya a rubuce."

Badukun ya sunkuyar da kai yana tattara zarensa. Bai tona ni ba. Har yau ban san ko na gode masa ba.

Aka ƙunsa mini guntayen a tsumma, na hau motar Sakkwato. Na je ofishin Razdan, na tsaya daga tsallaken hanya ina kallon masinja a bakin ƙofa. Me zan miƙa masa? Na juya. A tashar mota na sami aikin lodi, na yi wata uku ban aika ko gaisuwa gida ba. Ina nan aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, aka yi ta kiɗa. Na yi tsalle tare da kowa. Tsumman yana aljihun rigata har na manta na wanke ta da shi.

Wani direba ne ya gaya mini tsohon kullum sai an fito da shi bakin hanya, in mota ta tsaya ya tambaya ko jikansa na ciki. Na hau mota ta gaba zuwa Shagari.

Na same shi a zaure, ya rame. Bai tsokane ni ba, bai ce raggo ba.

"Ka ga Baturen?"

"Na gan shi, Alhaji."

"Ya karanta?"

"Ya karanta. Ya ce za a duba. Ya ce a jira."

Ya murza damtsensa.

"Wancan ma haka yac ce." Sannan ya ce, "Yaron yanzu ya girmi ubanka. Ƙila ko Hausa ba ya ji."

Ya miƙo hannu.

"Ina takardar?"

"Sun riƙe ta a ofis."

"To madalla. Ta koma wurin masu ita."

Bai sake tambayata ba. Amma bai daina sa a fito da shi bakin hanya ba, yanzu kuma masinja yake jira. Damina biyu ya yi a haka. Ranar da aka kai shi, mutanen gari suka yi ta sa mini albarka a makabarta, wai ni ne jikan da ya kai maganar Alhaji har gaban Razdan. Na riƙa cewa amin.