Haƙoran da Na Dirje da Tsamiya

Tun ranar da anka ɗauki maigidana masinjan En'e a Wurno hankalina bai kwanta ba. Zamanin Nasara ne, kuma na lura duk wanda ya sa kaki ya fara zuwa Sakkwato, in ya dawo sai komai na gidansa ya riƙa yi mishi ƙauyanci.

Mu a Giyawa, inda anka haife ni, mace ba ta gama ado ba sai ta ci goro ta goga furen taba, haƙora sun yi jawur. Da jan bakin nan ya gan ni ya ce shina so. Amma wani hantsi ina yi ma ɗiyata wasa ina dariya, sai ya dube ni ya ce matan akawuna a birni haƙoransu fari ƙal, ni kuwa kamar wadda ta sha jini. Ya sa takalminsa ya fita.

Na bar goro. Na bi haƙorana da asuwaki da gawayi da gishiri, jan bai fita ba. Sai wata maƙwabciyarmu 'yar garin Rara ta ce in jiƙa tsamiya ta yi kauri in riƙa guntsa, sannan in dirje da toka da yashin gulbi mai laushi. Safe da marece na yi, har wata biyu. Sun yi haske, ba ƙarya. Sai dai ruwan randa ya fara sukata har cikin kai.

Yaye ya zo. Mu a wurinmu uwa ke tauna ma yaro nama ta sa mishi a baki. Na ɗauki tsoka zan tauna mata, haƙorin gaba ya ɓantare. Surukata ta amshe yarinyar da naman.

"Mi kinka yi ma bakinki, ɗiyar nan?"

Na faɗa mata, kaina a ƙasa.

"Ni da goro na tsufa, ga nawa nan, ko ɗaya bai motsa ba."

Daga ranar ita ke tauna mata. In yarinyar ta ji yunwa, ina zaune za ta wuce ni ta nufi ɗakin kakarta. Maigidana kuwa bai taɓa lura haƙoran sun yi fari ba. Giɓin kawai ya gani, ya ce in riƙa rufe baki in an yi baƙi.

Ke da ke karanta wannan, don Allah in kin ga ƙanwarki ko ɗiyarki ta jiƙa tsamiya za ta kai baki da yashi, ki amshe ki zubar. Asuwaki ya ishe ta.