Yadda Na Yi Wa Ɗiyata Cinikin Kasuwar Yankara

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta uku tana da shekara huɗu, na yi wata dabara a gidana wadda har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Ni dillalin hatsi ne. Da buhu ɗaya na fara a kasuwar Yankara, har na kai ga lodin tirela. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san mutane. Manomi zai kawo masararsa daga Pauwa ko Ketare ya kafe a kan farashi, ni kuwa ba na jayayya. Sai in ɗebi tsaba in tauna, in karkaɗe hannu, in juya baya. Kafin in yi taku goma zai ce, "Alhaji, dawo mana." Wannan juya bayan ya daɗe yana ciyar da ni, har na ɗauka babu ɗan Adam ɗin da ba zai yi wa aiki ba.

Yarinyar nan ba ta magana. Ji kam tana ji, don ko leda ka taɓa a zaure za ta fito. Mun kai ta wurin wanzami ya duba ƙarƙashin harshenta, ya ce babu linzami, ba abin da zai yanka. Rubutu kuwa ta sha har ta gane ƙoƙon, in ta hango shi sai ta ɓuya. Amma tana da hanyarta. In ruwa take so, sai ta kama wuyan hannuna ta ja ni har gindin randa, ta ɗora tafina a kan moɗa. In fita take so, ta kawo mani takalmana. Duk gidan ni ta fi ja. Ko uwarta na zaune kusa da randar, sai ta tsallake ta ta zo ta kamo ni.

Wata ranar kasuwa wani abokina, abokin sana'a daga Sabuwa, ya biyo ni gida cin tuwo. Muna cikin ci ta shigo ta ja ni, na tashi na bi ta. Da na dawo sai na tarar da shi yana ƙyaƙyata dariya.

"Alhaji, yanzu kai ake ja kamar ragon layya? To mi zai sa ta yi magana? Ko ni aka yi mani wannan gata, wallahi ba ni buɗe baki. Ka iya juya ma manoma baya, ka kasa juya ma 'yar mitsitsiyar nan?"

Na taya shi dariya, amma maganar ta zauna mani daram, don da yarena ya yi ta. Washegari na kafa doka: daga yau ba mai amsa mata jan hannu, abin da take so ta faɗa da baki.

Maiɗakina ta ce, "Alhaji, wannan fa ba buhun dawa ba ce."

Na ce, "Ke dai sa ido. Sati biyu na ba ta."

Ranar farko yarinyar ta zo ta kamo hannuna, na zare shi na kai baya. Na ce, "Ce ruwa." Ta zagaya ta sake kamowa. Na ce, "Ruwa. Faɗi mana." Ta ja gefen rigata, ta ja, ta ja. Sai na yi abin da na iya: na juya baya na nufi zaure a hankali, ina ƙirga taku a zuci, ina jiran a ce in dawo. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar kanta da take bugawa da bango.

Haka muka yi wata biyu. Takalman ne ta fara daina kawowa. Daga baya in ta miƙo hannu sai ta tsaya a rabin hanya. Sannan ta daina gaba ɗaya. Ni kuwa, gwanin sanin mutane, murna na yi. Na ce da maiɗakina shirun nan na san shi, shi ne shirun da manomi ke yi dab da zai sallama.

Ba ta sallama ba. Cizon hannunta ta koma yi har wurin ya yi kanta. Wata rana na shigo ba zato na tarar uwarta na bin ta zuwa randa, ashe duk tsawon lokacin nan tana karya mani doka in na fita. Na fara faɗa, ta miƙe ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka yi mani duk hukuncin da ka ga dama. Ba ni zama ina kallon ɗiyata da ƙishirwa."

Ƙanwar maiɗakina mai aikin jinya a Funtua ce ta ba mu labarin wata likita a Zariya da ke aikin magana da irin waɗannan yara. Muka yi sammako, don a lokacin ba a son bin hanyarmu bayan la'asar saboda 'yan bindiga. Na tafi da niyyar a ƙarasa mani aikin da na faro.

Likitar ba ta ce da yarinyar ta faɗi komai ba. Tabarma ta hau, ta zauna gefenta. Yarinya na jera murafan kwalba, ita ma tana jera nata. Da na gaji na ce, "Likita, yaushe za a fara?"

Ta ce, "Ai an fara tun ɗazu, Alhaji. A gida yaya take gaya maku abin da take so?"

Nan na gyara zama na zayyana mata dabarata, har da alfahari. Ta bari na gama tsaf.

"Alhaji, in Bafillace ya kawo maka hatsi bai jin Hausa, cewa kake bai yi magana ba?"

"A'a. Sai in nemi mai fassara."

"To jan hannun nan maganarta ce. Wata biyu tana kiranka kana ƙin amsawa. Ta koyi darasin kuwa, sai dai ba wanda ka so ba. Ta koyi cewa kai ba a kiranka."

Ta ce abin sunansa otizim, ba aljanu ba ne, ba sangarta ba ce. Na tambaye ta ko za ta warke. Ta ce ba ciwo ba ne balle a warke, haka Allah Ya tsara ƙwaƙwalwarta, kuma aikinsu ba mayar da ita kamar sauran yara ba ne, ƙara mata hanyoyin da za a ji ta ne, ko da baki ko ba da baki ba. Ta hana mu tilasta mata kallon ido, ta hana mu riƙe ta in tana kaɗa jiki. Ta sa muka ɗauki hotuna da waya aka wanke: randa, tuwo, makewayi, ƙofar gida, da kowa na gidan. Aka haɗa mata ɗan littafi, abin da take so ta ɗora yatsa a kai.

Cikin 'yan watanni cizon ya tsaya. Yau shekararta goma sha ɗaya, tana da kalmomi kaɗan da take fitarwa in ta ga dama, sauran kuma littafinta na yi mata. Na ba abokin nan nawa labarin abin da likita ta ce, sai ya ce, "Haba Alhaji, ni fa wasa nake." Muna gaisawa har yanzu. Shi baki kawai ya sa, hannun da aka zare nawa ne.

Abin da na gane shi ne, manomin da ke kirana in dawo yana da bakin kira, kuma in ya ƙi ni akwai wani dillalin a gaba. Ita ba ta da ko ɗaya. Abu guda ta mallaka ta kawo mani, na raina shi.

Ba ta guduna. Tana zama kusa da ni, tana cin abin da na miƙa mata. Amma kwanan baya na ɗauki littafin nan ina dubawa. Hoton uwarta ya koɗe saboda yatsa, sau biyu ana sake wanke shi. Na yayyenta duk sun yi dauɗa. Nawa yana nan fes, kamar yau aka manna shi. Aikina ke nan sanin kayan da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, ba sai kowa ya yi mani bayani ba.