Ƙafar Dogara ba ta jiran kore

Duk wanda ke aika kaya Kano daga unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou ya san Dogara, dogon nan mai naɗe kwalaye da salatif a wani sito kusa da Baiyun. Kafin ya zo Guangzhou, bas ya ja a Kano, daga Bata zuwa Kurna. A can ya koyi cewa direba ba ya jiran danja ta nuna kore. Da ya ga motocin ɗaya hannun sun fara rage gudu, sai ya saki kuloci, in ba haka ba oda da zagi su taso masa daga baya. Ƙafarsa ta haddace wannan. Hannunsa ma haka yake, yakan kai naushi kafin mutum ya gama magana.

Mai siton, Basine da kowa ke kira Laoban, wato maigida, yana da motar tsere. Ya ga yadda Dogara ke ratsa cunkoso da motar kaya, sai ya ba shi ita yana ja ranar Lahadi a wani filin tsere a bayan gari. Motoci biyu ake jerawa a miƙaƙƙen titi. Fitilu ruwan ɗorawa su sauko ɗaya bayan ɗaya, sannan kore. Wanda tayarsa ta motsa kafin kore, jar fitila za ta kama, ya faɗi ke nan ko da shi ya fara isa. Dogara ya fi kowa gudu, kuma ya fi kowa jar fitila. Daga ƙarshe Laoban ya ce in ya ƙara, mota *meiyou*, wato babu.

Bakanikensu Harouna ne, dattijo daga Damagaram, mai son tsokana.

"Bakano, ƙafarka ba ta jin magana. Da ƙafar wani ce da na ce a yanke."

"Baba, gyara injinka ka bar mini ƙafata."

Da ya ga ba zai iya gyara mutum ba, sai Harouna ya gyara mota. Da safiyar tseren ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya sassauta sandar kuloci, yadda sai ƙafa ta ɗago sosai kafin mota ta kama. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa kore ta fito. Bai faɗa ba, don ya san Dogara in ya sani zai ƙara sauri ne.

Dogara ya taka ya ji kuloci ya canza. Ya fito idonsa jawur, ya rarumi sifana ya nufi Harouna.

"Wa ya taɓa mini mota? Nawa suka ba ka?"

"Ɗana, tsaya ka ji, don kai na—"

Sifana ta sauka a hannun da Harouna ya ɗaga don kare fuska. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen ice. Ta biyu ta fasa masa leɓe, haƙori ya faɗo kan siminti. Sai da mutum uku suka danne Dogara. Aka fita da dattijon jini na ɗiga a gemunsa, yana ta cewa, "Kar ya mayar, ku ce masa kar ya mayar."

Laoban bai iso ba tukuna. Dogara ya goge sifanar a wandonsa, ya mayar da kuloci yadda ya saba.

Da rana tsaka aka jera su. Ruwan ɗorawa ta fara saukowa. Ya riƙe ƙafarsa da dukan ƙarfinsa, yana gaya mata ta jira, ta jira. Ta saki. Ta gefen ido ya ga wani haske, bai yarda ya duba ba. Ya nutsa totur har ƙasa, ya wuce layin ƙarshe bai ɗaga ba. Tayoyin baya suka kwashe, motar ta daki katangar siminti, ta kife tana jan wuta a kwalta.

Da aka yanke ƙofa aka zaro shi, haƙarƙarinsa a karye, bakinsa cike da jini, ya kama rigar Laoban.

"Kore ce?"

Laoban ya ɓamɓare yatsunsa daga rigar, ya zare makullin daga motar da ta riga ta mutu.

"Ja," in ji shi.