Ƙullin da Ke Ƙugun Mutum-mutumi

Shekara tara babanmu ya yi yana lilo a ƙarƙashin babbar gadar garinmu, igiya ɗaure a ƙugu, yana ɗaure ƙusoshi. Tun daga nan zama bai karɓe shi ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Innarmu takan ce kujera ce ke cizonsa.

Da aka buɗe dandali a gindin gadar don karrama ma'aikatan da suka gina ta, ni na kai shi. Ga bango cike da sunaye, ga mutum-mutumin lebura na tagulla a tsakiya. Na zaci sunansa zai nema, amma ko kallon bangon bai yi ba. Ƙugun mutum-mutumin ya ƙura wa ido.

"Wa ya ɗaura wa bawan Allahn nan igiya haka?"

"Baba, tagulla ce fa."

"Wannan ƙullin zamewa yake yi. Irinsa Dogo ya yi ranar da ya faɗa ruwa."

Dogo abokin aikinsa ne. Ƙa'idarsu, kowa sai ya duba ƙullin ɗan'uwansa kafin a sauka. A ranar, Baba yana sauri, bai duba na Dogo ba. Shekara arba'in bai taɓa gaya mana ba.

Ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce masa tagulla ba ta kwantuwa. Sai ya sayo igiya. Kullum da safe ya je ya ɗaura ƙulli na ƙwarai a kan na tagullar, maigadin dandalin kuma ya kwance ya miƙa masa, yana cewa, "Tsoho, doka ce." Kunya ta ishe ni, har faɗa na yi masa, abin da nake nadama yanzu.

Wata uku ana haka, gwiwa ta kayar da shi. Ya hana kowa sakat, sai juyi yake a gado. Dole na je dandalin a madadinsa, ina ƙunƙuni.

Na tarar da sabuwar igiya a ƙugun mutum-mutumin. Maigadin ya sosa ƙeya.

"Yawan kwancewa ne ya koya mini. Amma ki ɗauki hoto ki kai wa tsoho, ban yarda da hannuna ba."

Na ɗauka a wayata na kai gida. Baba ya daɗe riƙe da wayar, yana bin igiyar da yatsa.

"Ki ce masa na duba," ya ce. "Zai riƙe."

Ya miƙo mini wayar, ya gyara matashi, ya yi barci har la'asar.