Salula a Cikin Guga

Har yau in na ji kukan igiya tana gogar reshe, sai in gan ni ƙarƙashin tsamiyar nan ta kan tudu, a hanyar Gabi.

Lokacin rezo, wato sabis ɗin salula, bai iso ƙauyenmu ba. Na Nijeriya ne ke tsallako iyaka, shi ma iyakarsa ƙolin tsamiyar. Sai a sa salula cikin guga, a ja ta sama, a jira saƙo ya shiga, sannan a sauko da ita. Mu ke nan, muna ɗibar maganar 'yan uwanmu daga sama kamar ruwa.

Daminar da Kaka ta kwanta, Baba yana Aljeriya wurin aikin gini. Ta daina cin komai, sunansa kawai take kira. Baffa, ƙanen Baba, ya aika masa, Baba kuwa ya turo saƙo, amma saƙon ya ƙi buɗewa. Wani ɗan zobe ne ke ta juyawa a fuskar salular, ya kusa haɗewa, ya koma farko.

Kaka ta ce a kai ta gindin tsamiyar. Muka shimfiɗa ta a amalanken jaki, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi, gero ya fara fidda kai. Baffa ya ja guga har tafin hannunsa ya saɓule.

"Ya shigo?" in ji ta.

"Saura kaɗan, Inna."

"Tun jiya kake saura kaɗan. Ko rezon ma sai ya nuna wa 'yan dwan takarda a bakin iyaka?"

Muka yi dariya. Na riƙe igiyar, ina roƙon Allah, ina roƙon iska. Hadari ya haɗo, dole muka juyo gida. Kaka ba ta kai Juma'a ba.

Yanzu ƙarfen rezo yana tsaye bayan makarantarmu, yara suna kallon duniya a zaure. Ba mai ɗaga kai ya dubi tsamiya.

Sai da na girma, Baba ya dawo da furfura, na tambaye shi abin da ya faɗa a saƙon. Ashe ba murya kaɗai ya turo ba, bidiyo ne. Can inda yake rezo kamar iska yake, bai san hoto yana da nauyi ba. Da murya ce, da ta sauko a gugan farko.

"So na yi ta ga fuskata," in ji shi.