Tsohon Cikin Tele da Igiyar Babana

Warin jiƙaƙƙiyar kaba ne ya tayar mini da wannan zance. Shekaranjiya na jiƙa ta cikin tsohon kwano zan tufka igiya, ina zaune bakin zaure, sai kukan wata mata ya taso daga cikin gida, da kiɗa mai sanyi a bayansa. Ko motsi ban yi ba. Na san ba mutuwa aka yi ba. Ɗiyata ce da salularta, tana kallon fim ɗin 'yan Koriya. Kullum sai an yi kuka a gidana, kuma ba wanda ya taɓa wani.

Kada ka sa ran jin maganar masu ilimi a bakina. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa. Dako na yi har bayana ya ƙi, yanzu awon albasa nake a Madawa. Amma na kalli fim ɗin Japan ina yaro, na kalli na Koriya da furfura, don haka ina da abin cewa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Buza da Keita, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Kafin ka shuka hatsi sai ka tsince duwatsu ka jera su layi layi, don su tare ruwa in Allah ya kawo shi. Tele, wato talabijin, ɗaya ce a garin duka, cikin akwatin ƙarfe a ƙofar mai gari, da panon da ke ba ta wuta a saman rufi yana shan rana. In kaka ta wuce, an ɗaure damma an zuba rumbu, bayan magariba kowa sai ya jawo tabarmarsa. Har yau ina jin warin wurin: hayaƙin kara, gasasshiyar gyaɗa, da gabun albasa da mata suka shanya kan darni. Tsofaffi gaba, mata gefe, mu yara a ƙasa muna ɗumama juna.

A shekarar da muryata ta fashe aka fara nuna wani fim duk mako. Mu a wurinmu duk mai irin fuskar mutanen cikinsa Shinuwa ne, wato ɗan ƙasar Sin, sai da mushe ya ce 'yan Japan ne. Samari suka cika wurin suna jiran a yi karate. Aka yi mako, aka yi wani, ba wanda ya mari wani. Wani tsoho ne kawai da gonarsa a kan tudu, an jera mata duwatsu kamar tamu, da ɗansa saurayi da ke son tafiya birni neman aiki. Samari suka watse suna tsaki. Tsofaffi kuwa suka gyara zama. Sun ga mutane suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna cin abinci a ƙasa, yaro yana rusuna wa babba. Kakata ta ce waɗannan mutane kalmar shahada kawai ta rage musu.

Da Faransanci suke magana, ni kuma aka ɗora mini fassara, don 'yan lakwal na gaskiya suna Buza. Abin da ya cece ni shi ne mutanen ba su da surutu. Tsohon sai ya daɗe yana feƙe fartanyarsa, ko yana duban kwanon shinkafa, kafin ya ce kalma ɗaya. Ɗan Faransancina ya ishe shi.

To, ga inda zancen yake. Ni ɗan fari ne. In kai ɗan Adar ne ka san abin da nake nufi. A ɗakin kakata na tashi, ita ke dama mini hura, ita ke kirana mijinta tana cewa na cika rowa. Babana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido da ido ya yi mini magana ba. In yana son in kai jaki fadama, sai ya faɗa wa iska cewa jakin nan ya daɗe bai sha ruwa ba. In mun haɗu a hanya sai ya sami abin kallo a wani gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ubansa ya yi masa. Amma yaro bai san wannan ba sai ya girma.

A wannan kakar kawuna ya dawo daga Abijan da rediyo da takalmi mai ƙyalli, ya ce zai koma da ni in babana ya yarda. Ya rantse ba zai ɗauke ni kamar kayan sata ba. Ni ma ina son tafiya kamar in mutu, amma ba na son in fita babu albarkar uba. Kawu ya tambaya, babana ya yi masa zancen farashin gero. Kakata ta tambaya, ya ce rumbun yamma yana son yaɓe. Lokacin komawar kawu yana matsowa, ba i ba a'a.

Babana ba mai zuwa kallo ba ne, amma wannan fim bai taɓa wuce shi ba. Yakan zauna can ƙarshen layin tsofaffi da kabarsa, yana tufka ba tare da ya dubi hannunsa ba. In tsohon cikin tele ya yi magana, sai ya ce wa na kusa da shi a tambayi yaron can abin da aka ce. Wani lokaci kuma sai ya saki magana ga jama'a. Wani mako ya ce tsohon yana da gaskiya, in yaron ya tafi wa zai ɗaga masa duwatsun. Na kwana da baƙin ciki. Wani makon ya ce gonar can dai ba ta ciyar da maza biyu. Na wuni ina dariya ni kaɗai. Haka na dinga auna maganganunsa kamar mai duban hadari.

Ranar ƙarshen fim ɗin, saurayin ya ɗauki jakarsa, tsohon ya raka shi tashar jirgin ƙasa. Suka tsaya, suka yi ta tsayuwa, har mata suka fara cewa ko telen ta lalace. Jirgi ya iso. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya faɗi 'yar magana, saurayin ya rusuna ya shiga. Shi ke nan, rubutu ya fara hawa.

Aka ce in fassara. Na ce, "Cewa yay yi kamar za a yi ruwa."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Kakata ta ce ashe duk sanyin da ta sha makonnin nan don ta ji labarin ruwa ne, a biya ta gyaɗarta. Ana cikin dariya sai na ji muryar babana daga ƙarshen layi.

"Ba shi yac ce ba," in ji shi. "Kai dai Faransancin kaɗai kaj jiya."

Kai. Da ni yake, ba da iska ba, ba da na kusa da shi ba. Bai ƙara ba. Ya naɗe kabarsa ya tafi.

Da safe na tarar da tabarmata da bargona an naɗe su, an ɗaure da sabuwar igiya mai kauri, irin wadda ake ɗaure wa raƙumi kaya da ita. Shi kuwa tuni ya yi fadama. Kakata ta ce in ɗauki tsummokarana in ba ta wuri, ta sake ni, tana faɗa tana share ido da bakin zane. Sai da kamiyo, babbar motar da muka hau, ya wuce Tabotaki kawu ya ce mini babana ya bar saƙo ɗaya: a kula da ƙirjin yaron, ba ya son sanyi. Ina can Abijan ina dako a bakin ruwa wani ɗan garinmu ya zo ya ce in yi haƙuri, tsoho ya riga mu gidan gaskiya. Wannan kai ɗin guda da ya ce mini, shi ne rabona.

Yanzu ka ga abin da ya sa nake da ra'ayi. Fim ɗin Japan, wanda na gani da waɗanda na leƙa daga baya, ba ya yi maka ƙarya. In manomi ne za ka ga kaushi a hannunsa. In mai dafa abinci ne za a nuna maka yadda yake riƙe wuƙa. Ba ya jan zance, in ya ƙare ya ƙare. Amma yana da sanyin jiki, kuma yana da rowar magana. Sai ya bar ka tsaye a tasha, ka je gida ka ƙarasa da kanka. Wanda ya wuni ƙarƙashin buhu ba kullum yake da ƙarfin wannan ba.

Na Koriya kuwa, ɗiyata ta sha zaunar da ni ina gani. Sun iya kama mutum, ba na musu. Ka ce za ka leƙa kaɗan, sai ka ga shayinka ya huce. Su ma suna girmama manya, da hannu biyu suke miƙa wa babba abu. Amma kowa kyakkyawa ne, har talakan cikinsu fatarsa kamar ba ta san rana ba. In labari ya kusa ƙarewa sai mota ta kaɗe wani ya manta matarsa, a sake sabon lale. Ga shan giya, ga kuka kamar an fasa randa. Na gaya wa ɗiyata in mutum ya yi irin wannan kuka a Adar, ƙishirwa za ta kashe shi kafin baƙin ciki. Abu ɗaya dai na yarda da su a kai, ko da ban so ba: suna faɗa wa mutum abin da ke ransu tun yana da rai.

Igiyar da na ce maka ina tufkawa, ta ɗana ce na fari. Aljeriya za shi neman aikin gini. Sunan babana na sa masa, don haka kunyar ta zama biyu, ban taɓa furta sunan ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Da ya ga ina ɗaure masa kaya, sai ya ce wa ƙanwarsa, yadda zan ji, a gaya wa tsoho jakar tana da zip. Ita kuma ta ce, "Baba, da a Koriya ne, rungume shi za ka yi kana kuka." Na ce mata ni ɗan Japan ne, ta ba ni wuri.

Jiya da hantsi na raka shi tasha. Babana bai raka ni ba, ni na ƙara wannan. Muka tsaya, muka yi ta tsayuwa. Na dubi sama, ko gajimare babu, balle in ce za a yi ruwa. Ya hau bayan mota ya zauna kan jakarsa. Direba ya tayar da inji, 'yan kamasho suna ihu, masu tallar ruwa suna ihu. Na ce a raina cikin wannan hayaniya ba mai ji. Sai na kira sunan. Ya fito mini da ƙyar, kamar tsohuwar ƙofa da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya waiwayo. Ya dube ni, na dube shi, ban nemi abin kallo a wani gefe ba. Motar ta ja, hannunsa ɗaya yana riƙe da igiyar.